Yadda Ake Sa Haruffan Suna a Jikin Simbal Ba Tare da An Kashe Muryarsa Ba

A cikin kayan gangunan Bature babu abin da ya kai simbal saurin ɓata. Babbar ganga ba a saɓa ta a kafaɗa a sulale da ita, amma wannan faifan tagulla da ke kan sanda, kwance ƙusa ɗaya kawai yake buƙata ya shige jaka. Ba kullum ba ne ma ake ɗauka da gangan. Ƙungiyoyi uku su yi wasa a dandali ɗaya, ko coci ta ari kayan wata cocin, ko 'yan badujala su dawo daga fareti, kowa da kirash ɗinsa, wato siririn simbal ɗin da ake dokawa ya yi tsawa, mai inci 16 na kamfani ɗaya, sai lokacin tattara kaya a koma rantse-rantse. Mata sun daɗe da magance irin wannan a gidan biki, inda kowace ke ɗiga jan farce a gindin kwanonta. To shi ma simbal shaida yake so, sai dai tasa dole ta zama wadda sabulu da sifirit ba sa gogewa.

Hanya biyu ce ake bi da hannu. Ko dai a buga harafin da guduma, ko a zana shi da tsinin da ya fi tagulla ƙarfi. Zan kawo duka biyun, amma tun yanzu in faɗi inda na tsaya: ga yawancin simbal, zanawa ta fi. Bugawa tana fitar da harafi mai kyau tamkar na kamfani, amma duka ne ake kai wa abin da aka gama daidaita shi da duka, kuma idan ya tsage babu gyara.

Da farko, san irin ƙarfen da ke hannunka

Simbal masu tsada yawanci da tagullar da ake kira B20 ake yin su, wato kashi 80 jan ƙarfe, kashi 20 kuza, irin kuzar nan da aka yi ta haƙa a Jos. Jerin A da K na kamfanin Zildjian, da AA da HH da AAX da HHX na Sabian, da kusan duk waɗanda ake ƙerawa da hannu a Turkiyya, duka B20 ne. Wannan haɗin yana da tauri ƙwarai, kuma taurin nan na tafe da gautsi. Ana narka shi, a mulmula shi da zafi sau da yawa, a tsoma shi a ruwa, a bubbuga, sannan a fere shi a kan inji. Kowane mataki yana barin wani ɗauri a cikin ƙarfen, kuma wannan ɗaurin shi ne muryar da ka biya kuɗi dominta.

Sai B8, mai kashi 92 jan ƙarfe da kashi 8 kuza. Za ka gane shi da launinsa da ya ɗan yi ja-ja. Ya fi B20 laushi, ya fi jure duka. Kada a ɗauka duk B8 na masu koyo ne, domin jerin 2002 na Paiste, wanda ya fito a 1971 kuma har yau manyan makaɗa ke neman sa, da shi ake yi. Na ukun shi ne mai launin rawaya, wanda ake haɗa jan ƙarfe da tutiya, kamar HCS na Meinl da SBR na Sabian, da mafi yawan waɗanda ake haɗo wa mutum kyauta idan ya sayi sabon saitin ganguna. Shi ne mafi laushi da araha, kuma a kansa ne bugawa ta fi sauƙi.

Idan tambarin ya goge ba ka san wanne ne ba, ɗauke shi a matsayin B20, ka lallaɓa shi.

Akwai kuma simbal ɗin da bai kamata a taɓa shi da tsini ba sam. Gidan Zildjian ya faro ne a Istanbul a 1623, reshensa ya koma Amurka a 1929, kuma masu tara tsofaffin simbal da hatimin da kamfanin ya buga a jiki suke gane zamanin da aka ƙera kowanne. Idan ka ci karo da tsoho mai irin wannan hatimi, musamman K da aka yi a Istanbul, haruffanka za su zubar masa da daraja a kasuwa. Irin wannan a rubuta masa suna da alƙalamin maka a cikin ƙoƙon tsakiyarsa, a riƙa sabuntawa. Haka nan sabon da garantinsa bai ƙare ba: kamfanoni ba su cika karɓar simbal ɗin da aka yi wa wani aiki a jiki ba, don haka ka jira wa'adin ya wuce.

Duba lafiyarsa kafin komai

Rataye shi a yatsa ta hujin tsakiya, ka ƙwanƙwasa gefensa da sandar kiɗa, ka saurara har ƙarar ta mutu. Mai lafiya ƙararsa na janyewa a hankali, sumul. Idan ka ji wani zizar kamar ƙudan zuma a ƙarƙashin ƙarar, ko ta yanke da wuri, akwai tsaga a wani wuri. Bi bakinsa da farce, zagaye guda, a hankali. Sannan ɗaga shi ga hasken rana ka duba kewayen hujin, inda ƙananan tsagogi ke fitowa kamar gashi, da kuma inda ƙoƙon tsakiya ya haɗu da faffaɗan jikin. Idan hujin ya daina zama zagaye, ya ci gefe guda saboda gogar sanda, wurin ya riga ya raunana.

Wanda ke da tsaga ko kaɗan ba a buga masa guduma. Zanawa mara zurfi kawai.

Kafin ka ajiye shi, ɗauki muryarsa da wayarka, duka uku ko huɗu a gefe, biyu a kan ƙoƙo. Za ka buƙace ta daga baya.

Me za a rubuta

Haruffa biyu ba su isa ba. A garin da kowane layi akwai A.M. da M.S., wanda ya ɗauke maka kaya zai iya cewa ai sunansa ne. Yi uku, ka ƙara da wani abu da kai kaɗai ka san dalilinsa: lambobi biyu na shekarar da ka saya, ko ɗigo uku a jere, ko ɗan layi a ƙarƙashin harafin tsakiya. Idan kayan ƙungiya ne, haruffan ƙungiyar da lambar jeri sun fi, misali 01 zuwa 06, ta yadda mai kula da sito zai ƙirga a tsaye ya san wanne ne bai dawo ba. Amma kada a cika. Duk ƙarin harafi ƙarin rauni ne a jikin ƙarfe, kuma cikakken suna da lambar waya a kan simbal abu ne da za ka yi nadamarsa ran da ka tashi sayarwa.

Hayihat, wato simbal ɗin da ake buɗewa da rufewa da ƙafa, guda biyu ne, kuma yawanci na ƙasa ya fi na sama nauyi. Sa wa kowanne shaida, ka ƙara S a na sama, K a na ƙasa. Na 'yan badujala da ake riƙewa da maɗauri a hannu, su ma kowanne da tasa, domin a rabe suke ɓata.

Inda za a sa

Nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Simbal kashi uku ne: ƙoƙon tsakiya, faffaɗan jiki, da baki. Bakin shi ne mafi siriri, a kirash kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba ko ƙasa da haka, kuma shi ne ke kaɗawa sosai idan an doka. Duk wani karce a can ƙofar tsaga ce. Jikin ma yana lanƙwasa da kowane duka. Ƙoƙon shi ne mafi kauri, kuma shi ne ya fi zama shiru.

Saboda haka kifa simbal ɗin, ka nemi cikin ƙoƙon, tsaka-tsaki tsakanin hujin da inda ƙoƙon ya fara buɗewa ya zama jiki. Bar aƙalla santimita biyu daga bakin hujin. Dalili biyu ne. Hujin wuri ne da tsaga ke son farawa, sannan zoben soson da simbal ke zama a kai yana goge duk abin da ke daf da shi. Kada kuma ka matsa har kan lanƙwasar da ke raba ƙoƙo da jiki, domin nan ma wurin wahala ne ga ƙarfen. A rayid, wato babban simbal mai inci 20 ko 22, fili ya wadata. A sifilash kuwa, wato ɗan ƙaramin simbal mai inci 8 ko 10, wurin ɗan mitsitsi ne, sai ka rage girman haruffan.

Masu ƙera simbal a Turkiyya sukan rubuta nauyinsa da maka a cikin ƙoƙon, wani lokaci har da sa hannun maƙerin. Kada ka bi ta kansu, kada kuma sifirit ya taɓa su. Zaɓi ɗaya ɓangaren.

Wani zai ce ai kamfanin da kansa a kan jiki yake buga hatiminsa. Gaskiya ne, amma da injin da aka auna ƙarfinsa yake yi, a kan mazaunin da ya dace da siffar simbal ɗin, kuma idan ya lalace a masana'anta narkewa za a sake yi. Kai naka guda ɗaya ne.

Shiri

Nemi tebur mai ƙarfi da ba ya rawa, a wuri mai haske. Shimfiɗa tawul ninki biyu. Idan aka kifa simbal, a kan ƙoƙonsa yake tsayawa yana lilo, don haka naɗe wani tawul ɗin ka yi gammo, ka zaunar da ƙoƙon a ciki. Danna gefe ka gani. Idan ya motsa, ƙara tsumma har ya zauna daram.

Goge wurin da sifirit a ɗan tsumma don cire maiƙo da dattin hannu, ka bari ya bushe. Manna salatif na takarda, irin na masu fenti, layi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka bar tsakaninsu daidai tsayin harafin da kake so. Milimita biyar zuwa shida ya isa ga zanawa. Salatif ɗin shi ne rularka, kuma idan tsini ya zame shi zai fara ci kafin tagulla. A cikin wannan ɗan fili rubuta haruffan da maka mai siririn baki. Duba su da kyau. Idan ba su yi maka ba, goge ka sake, yanzu ne gyara ke da arha.

Sa tabarau. Ɓarɓashin tagulla da ya faɗa ido asibiti yake kai mutum. Idan da inji za ka yi, toshe kunnuwanka ma, domin simbal an yi shi ne don ƙara sauti, kuma zai ƙara kukan injin har maƙwabta su leƙo. Ɗora wani tawul mai nauyi a kan sauran jikin yana rage wannan.

Kuma ko wace hanya ka zaɓa, fara gwadawa a wani abu. Fasasshen simbal shi ne ya fi dacewa, kuma kusan kowace coci ko situdiyo akwai guda a jefe a lungu. In babu, tsohon kwaɗo na tagulla ko tsohon makulli zai koya wa hannunka, sai dai ka tuna sun fi B20 laushi, abin da ya shige su cikin sauƙi zai yi maka gardama a kan simbal.

Zanawa

Kayan aikin iri uku ne. Mafi sauƙi shi ne alƙalamin ƙarfe mai bakin kabayid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, irin wanda masu walda da masu tayil ke jan layi da shi. Ba ya son wuta, ba ya zafi, kuma da wuya ya yi zurfin da zai cutar. Na biyu shi ne injin zane mai karkarwa, kamar Dremel 290, wanda tsininsa ke sara sau dubbai a minti. Na uku shi ne ƙaramin inji mai juyawa da ake sa wa ɗan kai mai ƙwallo, na kabayid ko na daimon. Ƙusa ko allura kada ka ɓata lokacinka, a kan B20 santsi kawai za su yi.

Idan injin ɗan Kwatano ne, karanta jikinsa kafin ka jona. Wanda aka yi don Amurka wutar 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce, kana jonawa kai tsaye zai ƙone.

Da alƙalamin kabayid, riƙe shi kamar biro amma ka ɗan miƙar da shi tsaye. Kafa gefen tafin hannunka a kan simbal ɗin, yatsu kawai ke motsi. Ja layin farko a hankali, ba dannawa, kamar kana bin sawun makar ne kawai. Wannan karcen na farko shi ne hanyar da tsinin zai riƙa bi. Sake bi sau huɗu ko biyar, kowane karo ka ɗan ƙara nauyi. Ja zuwa gare ka, kada ka tura gaba, domin turawa ce ke sa tsini ya kufce ya yi dogon karce.

Ga abin da zai ba ka mamaki. Yawancin simbal suna da siraran layuka da suka kewaye su, sawun fira a kan inji. Idan layin harafinka ya gicciye su, tsinin zai riƙa tsalle, tik tik tik. Idan kuma ya bi tsawonsu, kamar sandar tsakiyar H ko ta A, zai faɗa cikin ɗaya ya nemi tafiya da kai. Maganinsa shi ne gajerun ja. Kada ka ce sai ka ja ƙafar harafi a tashi ɗaya, raba ta biyu ko uku. A ƙarshen kowane layi fara dasa ɗan ɗigo, ka murza tsinin a wurin, ta yadda in ka iso zai tsaya da kansa. Haruffa masu miƙaƙƙun layuka, A da H da K da M da N, ba su da wuya. Masu lanƙwasa, S da B da G da U, su ne ke fallasa mai gaggawa. Yi su da ɗigo-ɗigo tukuna, kusa da kusa, sannan ka haɗe. Kuma maimakon ka murɗe wuyan hannunka, juya simbal ɗin a kan gammonsa.

Da injin karkarwa, mayar da shi kan mafi ƙarancin ƙarfi, ɗaya ko biyu. Karkata shi kamar yadda ake riƙe biro, ka bar nauyinsa ya yi aikin. Dannawa na kashe karkarwar ne, ba ta ƙara zurfi. Tafi da saurin da kake rubutu a allo lokacin da kake koyo. Abin da zai fito jerin ƙananan ɗigogi ne da suka haɗu suka zama layi, kuma bi ɗaya ko biyu ya wadatar.

Inji mai juyawa shi ne ya fi fitar da rubutu mai santsi, shi ne kuma ya fi saurin ɓarna. Kan yana son gudu gefe guda, ta inda yake juyawa, kuma kafin ƙiftawar ido ya haƙa rami. Zaɓi kai mafi ƙanƙanta, wanda bai wuce milimita ɗaya ba. Kunna shi tukuna ya ɗauki gudu, sannan ka sauke shi a hankali. Taɓa, ɗaga, taɓa, ɗaga. Kowane ɗan lokaci sa yatsa kusa da wurin. Ɗumi ba komai, amma idan ya kai yadda ba ka iya barin yatsa, dakata ya huce. Zafi yana canza taurin tagulla, kuma wurin da launinsa ya sauya ya riga ya sauya har ciki.

Zurfin da ake nema kaɗan ne. Idan ka ja farce a kai ya ɗan maƙale, an gama. Rubutun da ya kai haka sai an kankare shi da gangan kafin ya fita, kuma kankarar za ta bar tabon da shi ma shaida ne.

Bugawa, ga wanda ya nace

Wannan hanya ta dace da rayid mai nauyi, ko hayihat na ƙasa, ko simbal mai launin rawaya, ko B8 mai kauri. Sifilash, da siririn kirash, da china mai bakin da ya lanƙwashe sama, da duk wani B20 da kake ji da shi, a bar su.

Ana sayar da ƙarafan haruffa a akwati, kowanne ɗan sanda ne mai tauri da harafi a bakinsa. Na haruffa guda 27 ne, A zuwa Z da alamar &. Na lambobi guda 9 ne, domin 6 ake kifawa ta zama 9. Sayi na milimita 2 ko 3. Babban harafi yana buƙatar babban duka, kuma a cikin ƙoƙo mai lanƙwasa ba zai ma zauna daidai ba, gefunansa za su ci, tsakiyarsa ta ƙi fita. Babu Ɓ da Ɗ da Ƙ a cikin akwatin. Mai suna Ɗanladi ko Ƙasimu sai ya buga D ko K, ya ƙara ƙugiyar da alƙalamin kabayid.

Sirrin bugawa yana ƙarƙashin simbal ne. Daidai inda harafin zai sauka dole ya zauna a kan ƙarfe mai nauyi mai santsi, babu ko ɗan sarari tsakani. Uwar maƙera ita ce ta fi, ko guntun ƙarfen dogo da aka goge, ko kan babbar guduma da aka kafa a ƙasa. A kan katako ko tawul, tagullar lotsawa za ta yi maimakon ta karɓi harafi. Manna salatif falle ɗaya a kan ƙarfen don kada ya ƙuje saman ƙoƙon.

Aikin mutum biyu ne. Abokinka ya riƙe simbal ɗin a kife da hannu biyu, ya ɗan karkata shi har sai bayan wurin da aka yi alama ya taɓa maƙerar. Gwada da ɗan ƙwanƙwasawa da bayan ƙarfen harafin. Idan ka ji ƙara mai amo, akwai sarari a ƙasa, a gyara. Idan ka ji dum a toshe, ya zauna. Kowane harafi sai an sake wannan gwaji, domin da ka matsa milimita huɗu wurin da ke taɓa maƙerar ya canza.

Jera ƙarafan a kan tebur bisa tsarin da za ka buga su, ka duba bakin kowanne kada ya zo a kife. Dangwala shi a kan sabulu ko kwali ka ga yadda zai fito. Fara da harafin tsakiya, sannan na hagu da na dama, haka tazara ke daidaituwa. Sauke ƙarfen har gindin harafin ya taɓa bakin salatif na ƙasa, ka tsayar da shi cak, ka danna shi da yatsu uku kusa da gindi, gefen hannunka na kafe. Guduma mai kimanin rabin kilo ta isa. Ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, ka sauke duka guda, a tsaye, mai kaifi.

Guda ɗaya. Idan harafin bai fito sosai ba, zuciya za ta ce ka ƙara. Ƙarfen ya riga ya yi tsalle ya bar gurbinsa, duka na biyu inuwa zai yi wa harafin, kuma kowane ƙarin duka yana ƙara wa wurin tauri da gautsi. Abin da ya rage ka cike shi da alƙalamin kabayid. Lura kuma cewa siraran haruffa irin I da L da T ba sa son ƙarfi kamar M da W da B, domin duk nauyin dukan a ɗan wuri yake taruwa, sai ka rage hannu a kansu. Bayan kowane harafi juya simbal ɗin ka shafa saman ƙoƙon. Ɗan alamar da ido ke gani ba laifi. Idan ƙullutu ne ya taso, dukan ya yi yawa ko ƙoƙon ya yi siriri, ajiye gudumar ka ƙarasa da zanawa.

Idan ka kai wa maƙeri, nemi maƙerin fari, mai aikin azurfa da tagulla, hannunsa ya saba da ƙananan abubuwa. Amma ka tsaya a kansa, ka kuma faɗa masa tun farko cewa ba a sa shi a wuta. A sana'arsa gasa tagulla kafin a buge ta daidai ne, tana yin laushi. Simbal kuwa da ya ga wuta ya tashi daga aiki, sai dai a yi faranti da shi.

Akwai hanya ta uku a manyan garuruwa: masu rubuta suna da injin hasken leza a jikin kofunan gasa da filas da kayan rabon biki. Tambaye su ko injinsu na cin ƙarfe tsirara, domin wanda ke ƙona katako da roba ba ya kama tagulla. Tambayi kuma ko simbal ɗinka zai shiga ƙarƙashinsa. In ya shiga, ita ce hanya mafi tsafta, babu duka babu karce. Zildjian da kansa tun 1994 da leza yake rubuta tambarinsa da lambar kowane simbal.

Gamawa

Ɓare salatif. Kada ka hure ƙurar da baki, ɗauke ta da jiƙaƙƙen tsumma. Shafa wurin da yatsa a hankali, za ka ji ƙananan ƙayoyi a bakin layukan. Yanki ɗan samfefa mai laushi sosai, lamba 600 zuwa 1000, girman farce, ka shafa a kan haruffan kaɗai, kana bin zagayen layukan simbal ɗin, sau biyar ko shida. Goge sauran makar da sifirit.

Sabon zane yana ƙyalli, a inuwa ba a ganin sa sosai. Cike shi da baƙar maka ko ɗigon fentin mai, ka jira minti ɗaya, ka share saman da tsumma, baƙin zai zauna a cikin ramin. Ko ba ka yi haka ba lokaci zai yi maka. Simbal da yawa, musamman B8, suna zuwa da siririn rufi mai hana dusashewa, kuma tsininka ya huda shi, don haka cikin haruffan zai riga sauran jikin yin duhu. Da damina ka riƙa share wurin bayan wasa kada kore ya fito. Toka da lemun tsami da ake wanke tagullar gida da su, kada su kusanci simbal, suna cinye rufin da tambarin kamfani.

Yanzu mayar da shi kan sanda ka doka yadda ka yi da farko, da sandar nan, a ɗakin nan, ka kwatanta da abin da ke wayarka. Idan an yi aikin a cikin ƙoƙo kuma ba zurfi, ba za ka ji bambanci ba. Wanda aka buga wa guduma ka riƙa duba kewayen haruffansa da haske a makonnin farko. In ka hango siririn layi ya fito daga kusurwar wani harafi, daina kiɗa da shi har sai wanda ya iya ya huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don ta tsaya.

Saura rajista, wadda da yawa ke tsallakewa. Ɗora kowane simbal a sikelin kicin ka rubuta nauyinsa da giram. Biyu 'yan kamfani ɗaya, jeri ɗaya, girma ɗaya, da wuya nauyinsu ya zo daidai, don haka wannan lamba shaida ce da ɓarawo ba zai iya kankarewa ba. Ɗauki hoto uku: sama gaba ɗaya, hatimin kamfani da lambarsa idan akwai, da haruffanka a kusa. Haɗa da hoton rasit, ka tura wa kanka ta imel ko ka ba wani amintacce a ƙungiyar, domin waya ma ɓata take yi.

Idan kuwa kai ne ka je sayen na hannu ka tarar da haruffan wani a cikin ƙoƙo, ko ka ga wurin ya yi fari fat alamar an kankare, tambayi mai sayarwa daga ina ya fito, ka nemi ya haɗa ka da mai haruffan. Idan cinikin ya tabbata na halal ne, kada ka goge tsohuwar shaidar, gogewa rage kaurin ƙoƙon take yi. Rubuta takardar ciniki da ta ambaci tsofaffin haruffan da nauyin simbal ɗin, ku sa hannu ku biyu, sannan ka zana naka a ɗaya ɓangaren hujin.